Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ruwa ke zama zaren da ke tare harsashi?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a sashen koyon haɗa sinadarai. Na karanta cewa zaren Kevlar, wanda ake saƙa rigar sulken 'yan sanda da sojoji da shi, daga wani ruwa ake fitar da shi. Abin ya ɗaure mini kai. Ledar da muke zuba kaya ita ma ai narkakken abu ne ya daskare, amma ko yaro sai ya yage ta. Me ke faruwa a cikin wancan ruwan lokacin da yake daskarewa har ya zama ya fi ƙarfe ƙarfi? Don Allah Malam a yi mini bayani dalla-dalla. Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Akwai wani zato a ƙarƙashin tambayarka da ya kamata mu fara taɓawa. Kana neman sirrin ƙarfin zaren a lokacin daskarewa, alhali kafin a kai nan an riga an ci rabin aikin. Tsarin da ke ba zaren ƙarfi yana nan a cikin ruwan tun yana kwarara. Daskarewa kama shi take yi a yadda ta tarar da shi, ta kuma ƙara masa nata tabon. Saboda haka sai mun fara da ruwan kafin mu zo ga zaren.

Da leda da nailan da Kevlar duk dangi ɗaya ne, wato polima: ƙwayoyin sinadari ƙanana da aka harhaɗa suka zama doguwar sarƙa. Inda suka rabu shi ne ko sarƙar tana lanƙwasuwa ko ba ta yi. Sarƙar leda kowace gaɓa tata tana juyawa yadda ta so. Idan ledar tana narke, sarƙoƙin a dunƙule suke, sun sarƙafe da juna. Idan ta huce, wani sashe na kowace sarƙa yakan ninke kansa gaba da baya ya zama faifai siriri mai kaurin nanomita 10 zuwa 20, sauran kuma ya tsaya a cukurkuɗe tsakanin faya-fayan. Andrew Keller na Jami'ar Bristol da ke Ingila yana cikin waɗanda suka nuna wannan ninkewar a 1957. Nanomita ɗaya kuwa shi ne milimita ɗaya idan aka raba ta gida miliyan. To idan ka ja leda, ba haɗin da ke tsakanin kabon da kabon a cikin sarƙar kake kokawa da shi ba, wanda yana cikin haɗe-haɗe mafiya ƙarfi da aka sani. Warware ninki kawai kake yi, kana zame wannan sarƙa daga jikin waccan, kuma abin da ke riƙe da su rauni gare shi.

Za ka iya gani da idonka. Yanki ledar fiya wata siririya kamar faɗin yatsa, ka ja ta a hankali. Za ta yi wuya a tsakiya, wuyan ya yi ta tsawo, sai ka ji ta tsaya ta yi tauri ta ƙi ƙara miƙewa. A wannan wurin sarƙoƙin sun fara miƙewa sun fuskanci gefe ɗaya. Da za a iya miƙar da su duka, leda ma sai ta tare harsashi, kuma an yi hakan: a ƙarshen shekarun 1970 masu bincike a kamfanin DSM na ƙasar Holan suka gano yadda za a ja irin wannan sarƙar ta ninka tsawonta sau da dama, aka sami zaren Dyneema. Amma wannan hanya ce ta tilasta wa abu mai son lanƙwasa ya miƙe. Kevlar ba ya bukatar tilas.

Sarƙarsa an gina ta ne da zobban benzin masu kusurwa shida, kowane zobe an haɗa shi da na gabansa ta kusurwoyi biyu masu kallon juna, kuma gaɓar da ke tsakani, wadda ake kira amaid, ba ta son juyawa. Sai abin ya fito a miƙe sambal kamar sanda, tsawonsa kusan nanomita 200, kaurinsa bai kai nanomita ɗaya ba. Don ka gane nauyin wannan miƙewar, dubi ɗan'uwansa Nomex, wanda ake yi wa 'yan kwana-kwana riga da shi. Kayan haɗinsu kusan iri ɗaya ne, kamfani ɗaya ne ma ya yi su. Bambancin kawai, a Nomex an haɗa zobban ta kusurwoyin da ba sa kallon juna, sai sarƙar ta yi gwiwa a kowace gaɓa. Nomex yana jure wuta sosai, amma ƙarfinsa wajen ja bai wuce na zaren roba na gama-gari ba.

Miƙewar tana zuwa da matsala. Ba za ka narka Kevlar da wuta ba. Kafin ya narke ya ƙone, a wajen digiri 500 a ma'aunin Salshiyos. Dole sai an jiƙa shi a wani ruwa, kuma ruwan da ke iya ɗaukarsa da yawa shi ne asid ɗin salfa, wanda muka sani da ruwan batir. Sai dai na batir an surka shi, kusan kashi biyu cikin uku ruwa ne. Wanda ake jiƙa Kevlar a ciki tsantsa ne, kusan kashi 100. Asid ɗin yana liƙa wa kowace gaɓar amaid cajin lantarki iri ɗaya, sandunan su riƙa ture juna, su saki juna su shiga ruwan.

Yanzu ga abin da ya fi kowanne muhimmanci. Ka taɓa loda karan dawa a amalanke bayan girbi? Idan kara biyar ko goma ka jefa, kowanne zai kwanta inda ya ga dama, wani a tsaye, wani a gicciye. Amma idan lodi kake so na gaske, ba sai an gaya maka ba, dole karan su kwanta gefe ɗaya, don in ba haka ba wuri ba zai ishe su ba. Sandunan da ke cikin ruwa ma haka suke, sai dai su ba mai jera su. Motsin da zafi ke sa su yi ne ke kai su ga jeruwa, domin idan cunkoso ya yi yawa, sandar da ta bi sahun maƙwabtanta ta fi samun sararin motsi a kan wadda ta gicciye. Lars Onsager, ɗan asalin Norwe da ke koyarwa a Jami'ar Yale, shi ya tabbatar da wannan da lissafi a 1949, yana duban wata ƙwayar cutar ganyen taba mai siffar sanda. Abin mamaki a lissafinsa shi ne bai saka wani jan hankali tsakanin sandunan ba ko kaɗan. Siffarsu da cunkosonsu kaɗai sun isa. A 1956 Paul Flory ya yi nasa lissafin a kan sarƙoƙin polima masu tauri, ya nuna cewa gwargwadon tsawon sanda a kan kaurinta, gwargwadon saurin jeruwarta.

Abin da ake samu ruwa ne, yana kwarara, amma a cikinsa akwai jeri irin na ƙanƙarar gishiri ta fuska ɗaya. Irin wannan ruwa mai jeri ba baƙo ba ne. Shi ne a cikin gilashin kwalkuleta da na wayoyi da yawa. Tun 1888 Friedrich Reinitzer ya ci karo da shi a birnin Prague. Amma waɗancan ƙananan ƙwayoyi ne. Wadda ta fara mayar da irinsa na doguwar sarƙa zare ita ce Stephanie Kwolek, a ɗakin binciken kamfanin DuPont da ke Wilmington a Amurka, wajen 1965. Kamfanin zare yake nema mara nauyi da zai maye gurbin wayar ƙarfe a tayar mota. Ruwan polima da aka saba gani garai-garai yake, mai kauri da yauƙi. Nata sai ya fito gurɓatacce, tsararo, yana wani ƙyalli idan an motsa shi. Duk wanda ya san aikin zai ce akwai datti a ciki, a zubar. Ma'aikacin da ke kula da na'urar fitar da zare, Charles Smullen, da farko ƙi ya yi, yana tsoron kada ya toshe masa hujin na'ura. Ta tace ruwan, gurɓatar ba ta tafi ba, ta nace har ya yarda. Zaren da ya fito taurinsa ya zarce duk wanda suka taɓa aunawa, har ta sa aka yi ta maimaita awon kafin ta sanar.

Gurɓatar nan da tsarartakar nan su ne alamar jerin. Idan kana ƙara sandunan a cikin asid, ruwan yana ƙara kauri kamar yadda kowa zai zata, har ka kai wajen kashi 10 cikin 100. Daga nan sai kaurin ya faɗi warwas, duk da cewa ƙara kaya kake yi, domin sandunan sun jeru suna zamewa a jikin juna ba tare da karo ba. Gurɓatar kuwa ta zo ne daga cewa jerin ba ɗaya ba ne a duk kwanon. Unguwa-unguwa ne, kowace ba ta wuce 'yan maikron ba (awo ne da ya fi nanomita girma amma bai kai milimita ba), kowace da inda ta fuskanta, haske kuma yana watsewa a kan iyakokinsu. Da za ka daskarar da ruwan a haka, abin da za ka samu mai gautsi ne, ba shi da wani amfani.

Wanda ya warware wannan shi ne Herbert Blades, shi ma na DuPont, a wajen 1970. Ya gano cewa idan aka ɗumama asid ɗin zuwa kusan digiri 80, zai ɗauki sanduna har kashi 20 cikin 100. Ya kuma ɗaga farantin da ke fitar da zaren, mai ɗaruruwan ƙananan huji, sama da kwamin ruwan da zaren zai faɗa, ya bar ɗan tazara ta iska da ba ta wuce kaurin yatsa ba. A ganina wannan 'yar tazarar ta cancanci yabo daidai da sinadarin kansa, kodayake ba kasafai ake ambatonta ba. Amfaninta biyu ne. Tana ba da damar farantin ya zauna da zafi, kwamin kuma da sanyi kusa da ƙanƙara. Sannan a cikinta ne ake jan ruwan da sauri fiye da yadda yake fitowa, ya sirance, unguwannin nan duka su juyo su fuskanci tsawon zaren. Duk wannan a ƙiftawa da bismilla, domin zaren ɗaruruwan mitoci yake gudu a minti ɗaya.

Sai mu zo ga ainihin abin da ka tambaya. Siririn ruwan nan mai jeri ya faɗa cikin ruwan sanyi. Ruwa da asid ɗin salfa masoyan juna ne, don haka nan take ruwa ya fara kutsawa ciki, asid kuma ya fara fita. Da zarar ruwa ya taɓa sandunan sai ya kwashe cajin da ke raba su. Sandunan da a da suke ture juna sai su rungumi juna: haidurojin na gaɓar wannan ya kama oksijin na gaɓar waccan, haka-haka har su zama falle, fallayen kuma su jibgu a kan juna. Ba sanyi kaɗai ne ya daskarar da zaren ba kamar yadda yake daskarar da leda, har da sauya ruwa.

Amma abin ba a lokaci ɗaya yake faruwa ko'ina ba, kuma daga nan ne duk sauran tsarin ke fitowa. Tsere ne tsakanin abu biyu. Jerin da aka samu a tazarar iska ba mai zama ba ne. Da an daina ja, sandunan za su fara karkacewa su koma unguwanninsu. Ruwa kuma yana bukatar lokaci kafin ya ratsa daga waje zuwa tsakiya. Bayan zaren, wanda ruwa ya fara taɓawa, yana daskarewa tun jerin bai motsa ba, sai ya zama fata siririya, kaurinta bai wuce maikron ɗaya ba, sandunanta a miƙe ƙyam. Fatar nan kuma sai ta zama shinge, ta rage wa ruwa saurin shiga. Tsakiyar tana nan a ruwa na wani ɗan lokaci, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, amma ya ishe ta ta ɗan saki jiki.

Sawun wannan sakin jikin yana nan a cikin kowane zare. A 1977 masu bincike uku a Jami'ar Leeds, Dobb da Johnson da Saville, suka yanka zaren suka duba shi da na'urar ƙara girma mai aiki da lantarki. Suka ga fallayen nan sun jeru ne daga tsakiyar zaren zuwa bayansa ta kowace fuska, wato sun bi hanyar da ruwa ya shigo. Suka kuma ga fallayen ba a miƙe sak suke ba, suna da 'yan kalmasa da ke maimaituwa duk bayan kusan nanomita 500, karkatar ba ta wuce digiri kaɗan ba. Idan ka sa zaren a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji mai tace haske, kalmasar nan takan bayyana kamar zane-zane a gicciye.

Akwai abu na biyu da mutane ke mantawa. Kashi 80 na nauyin ruwan nan asid ne. Idan ya fita, me zai cike gurbinsa? Sandunan ba za su iya tattaruwa wuri ɗaya su zama dunƙule ba, lokaci bai ba su dama ba. Abin da suke yi shi ne kowace ta kama na kusa da ita, su zama 'yan silalla sirara, tsakaninsu kuma ruwa. Yachin Cohen da Edwin Thomas, a Jami'ar Massachusetts a shekarun 1980, sun bi diddigin wannan a wata polima mai tauri da rundunar sojan saman Amurka ta ɗauki nauyin bincikenta. Sun yi dabarar duba zaren bayan ya daskare amma kafin ya bushe, suka tarar da raga ce ta silalla masu kaurin kusan nanomita 10, sun miƙe bisa tsawon zaren, suna haɗuwa suna rabuwa. Lokacin bushewa ne ragar ke rushewa, silallan su matse da juna, zaren ya sirance, a bar 'yan ramuka dogaye masu siffar allura a inda matsewar ba ta cika ba. Ma'ana, abin da kake gani kamar zare ɗaya mai kaurin maikron 12, wanda ya fi gashin kai sirantaka sau da yawa, dami ne na silalla, kuma girman silallan an yanke shi tun a cikin kwamin ruwa.

Bayan nan ana wanke sauran asid, a kashe kaifinsa, a busar. Idan ana son zaren ya ƙara tauri sai a gasa shi na 'yan daƙiƙoƙi a zafi mai yawa ana jansa, kalmasar ta ragu, jerin ya ƙara daidaita. Bambancin Kevlar 29, na rigar sulke da igiya, da Kevlar 49, na jikin jirgin sama da kwale-kwale, ke nan. Sinadarinsu ɗaya. Gashi yana gyara abin da kwami ya bari, amma ba ya iya ƙirƙiro jerin da ba a kama ba tun farko.

Daga wannan tsarin za ka iya karanta halin zaren gaba ɗaya. Idan aka ja shi, nauyin yana sauka ne kai tsaye a kan haɗin da ke cikin sandunan, shi ya sa idan aka auna nauyi da nauyi ya ninka ƙarfe ƙarfi kusan sau biyar. Ka lura da sharaɗin: nauyi da nauyi. Jijjigar bugu kuma tana gudu a cikinsa kilomita 7 zuwa 9 a daƙiƙa, don haka kafin harsashi ya tsinka zaren da ya taɓa, ƙarfin bugun ya riga ya bazu zuwa zaruruwa masu yawa a fallaye da dama na rigar. Duk da haka rigar zare zalla harsashin ƙaramar bindiga take tarewa. Na AK-47 sai an sa farantin tangaran ko na ƙarfe a gaba.

Ta gefe kuwa labarin daban ne. Abin da ke riƙe silalla da juna ba shi da ƙarfi. Idan aka danne zaren ta tsawonsa maimakon a ja shi, sandunan sai su kalmashe a wuri ɗaya, kamar dai yadda karan nan ke yi idan ka dogara a kansa. Abin da yake ɗauka ta dannawa ɗan kaɗan ne a kan abin da yake ɗauka ta ja. Idan kana son ganin silallan, tsaya wurin masu jan wayar intanet ta gilashi lokacin da suke feɗe waya. A ƙarƙashin robar za ka ga wani zare rawaya mai laushi da sheƙi. Dangin Kevlar ne, an sa shi don ya ɗauki ja kada gilashin ya tsinke. Karɓi guntu ka gwada shi da almakashin gida. Zai riƙa zamewa yana taunewa, bakinsa ya yi buzu-buzu, ba zai yanku tsaf ba. Masu aikin almakashi na musamman suke riƙewa mai haƙora.

Tseren nan kuma shi ne dalilin da ya sa ba ka taɓa ganin an zuba Kevlar a mazubi an fitar da faranti ko bokiti ba. Lokacin da ruwa ke ɗauka ya ratsa abu yana ninkuwa huɗu duk sanda kaurin ya ninku biyu. Abu mai kaurin milimita ɗaya, kafin ruwa ya kai tsakiyarsa jerin ya daɗe da watsewa, fatar kuma ta kulle asid a ciki. Dole sai siriri. Hular kwano ta soja ma zare ne aka saƙa, aka jera fallaye aka haɗe su da gam.

Batun asid ɗin da ya maƙale a ciki ba ƙaramin abu ba ne, an kuma ga hakan a aikace. A 1998 kamfanin Toyobo na Japan ya fara sayar da zaren Zylon, wanda sandarsa ta fi ta Kevlar tauri, ƙarfinsa kuma ya fi nasa da fiye da rabi. Shi a asid ɗin fosfat ake jiƙa shi. Aka yi ta ɗinka rigunan sulke marasa nauyi da shi. A 2003 harsashi ya ratsa irin wannan rigar a jikin wani ɗan sanda a jihar Pennsylvania, alhali an yi ta ne don ta tare irin harsashin. Binciken da hukumomin Amurka suka yi ya nuna zaren yana rasa ƙarfi idan ya daɗe cikin zafi da laima, wato daidai yanayin da ke tsakanin riga da jikin mai gumi, kuma an sami ragowar sinadarin fosfat a cikinsa, wanda ke taimaka wa laima ta tsinka sarƙar. A 2005 aka janye amincewa da irin waɗannan rigunan. Ramukan nan masu siffar allura da bushewa ta bari su ne hanyar da laima ke bi ta shiga.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu daskarewar gaggawa ce. Idan aka bar ruwa mai sanduna ya bushe a hankali ba tare da ja ba, tsarin da ke fitowa wani ne dabam. A farkon shekarun 1990 Jean-François Revol da Derek Gray a birnin Montreal na Kanada suka nuna cewa idan aka farfasa zaren itace ko na auduga da asid har ya zama 'yan sanduna, aka bar su a ruwa, suna jeruwa hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan juya kaɗan daga na ƙasansa, ya zama murɗaɗɗe. Ruwan na ƙafewa murɗin na matsewa, har ya kai daidai tsawon zangon haske, sai busasshen fallen ya fito da launi mai ƙyalli, shuɗi ko kore ko ja, ba tare da an sa masa rini ba. A nan sandunan sun sami duk lokacin da suke so, sun zauna yadda ya fi musu daɗi. Masu yin Kevlar lokacin nan ne suke hana su.

Kada kuma ka ɗauka Bature ne ya fara wannan sana'a. Tsutsar siliki da gizo-gizo suna ajiye furotin a jikinsu a matsayin ruwa mai kauri, su tura shi ta wani siririn bututu inda ruwan ke raguwa, tsaminsa ke ƙaruwa, ja kuma ke jera shi, ya fito zare. Masu bincike sun ga alamar ruwa mai jeri a cikin bututun. Sai dai sarƙar siliki ita kanta ba sanda ba ce. Tattaruwa take yi ta zama 'yan dunƙule dogaye kafin ta jeru. Tsutsar da ke ba mu zaren tsamiya, wanda ake dafawa da toka a kaɗa shi da hannu a yi wa babbar riga aiki da shi, ita ma haka take yi, a cikin ruwa zalla, a zafin gari, ba asid ɗin da zai ci hannu. Har yau masana'antu ba su iya kwaikwayon wannan yadda ya kamata ba.

Tunda kana da ɗakin gwaji, ga abin da za ka iya yi ba tare da ka kusanci asid ba, don tsantsar asid ɗin salfa ba abin wasa ba ne. Nemi garin haidroksifurofil selulos. Masu haɗa magunguna suna amfani da shi wajen ɗaure ƙwayar magani, don haka ka tambaya a sashensu. Kwaɓa shi da ruwa, garin ya kai kashi 55 zuwa 60 na nauyin, ka rufe kwalbar ka bar ta kamar mako guda har kumfar ta kwanta ya haɗe. Ciro fallayen tace haske biyu daga gilashin tsohuwar kwalkuleta, ka gicciya su har su yi duhu. Ɗiga kwaɓin tsakanin gilasai biyu, ka sa a tsakanin fallayen a ƙarƙashin madubi. Ruwan gishiri ko na sukari duhu zai nuna maka, wannan kuwa zai haska, za ka ga unguwannin. Sannan ka zame gilashin sama gefe ɗaya da sauri ka saki, ka ci gaba da kallo. Bayan 'yan daƙiƙoƙi zane-zane za su fito a gicciye da hanyar da ka ja, dangin kalmasar da ke tsakiyar zaren Kevlar. Ka yi gwajin sau biyu: a ɗaya ka shafa kwaɓin siriri a buɗaɗɗen gilashi ka busar da shi nan take da iska mai ɗumi, a ɗayan ka rufe shi ya kwana kafin ka bari ya bushe, sannan ka kwatanta fallayen biyu a ƙarƙashin madubin.